Ɗana jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, kuma za a kwantar da shi a asibiti

Umman Yara Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen ma'aikatan lafiyar da ke cikin zauren nan, don Allah wanda ya sani ya taimaka mini.

Ɗana na tsakiya shekarunsa 9, nauyinsa kilo 27, yana da asma tun yana ƙarami. Likita ya duba shi ya ce ƙaba ce, sai an yi aiki, har an ba mu rana a wata mai kamawa. Aikin bai tayar mini da hankali kamar kwanan da za mu yi a ɗakin yara ba, saboda abin da ya faru bara da babbar Sallah.

Tun yana ɗan shekara 3 na lura idan ya sha kunun gyaɗa bakinsa kan yi ƙaiƙayi, jikinsa ya yi rudu-rudu, sai na daina ba shi. Ran nan kawunsa ya shigo da tsire, yaro ya ɗauki yanka biyu ya dangwali yaji, ba wanda ya kawo a ransa cewa ƙuli-ƙuli ne rabin yajin. Kafin a kwashe takardar tsiren leɓensa ya kumbura, ya hau amai, muryarsa ta dushe, ƙirjinsa na kuka. Muka sa shi a adaidaita sahu zuwa asibiti mafi kusa da mu. Ma'aikatan sun yi ta kansa da sauri, ban ga sakacinsu ba. Suka ɗaura masa ruwa, suka yi masa allurar haidirokotizon da Piriton ta jijiya, suka sa masa Ventolin na shaƙa. Amma ya kusa awa ɗaya yana kokawa da numfashi, ina riƙe da ƙafarsa, sanyi ƙalau. Daga baya Allah ya sassauta, aka ce borin jini ne, aka sallame mu a daren.

Bayan watanni ƙanwar maigidana, wadda ke karatun likita, ta zo hutu na ba ta labari. Tambaya ɗaya ta yi mini: an yi masa adiranalin? Na ce ban ji an ambata ba. Ta ce ita ce allurar da ya kamata a fara yi. Amma maƙwabciyata da ke aiki a wani asibitin ta ce mini adiranalin ta wanda zuciyarsa ta tsaya ce, idan aka yi wa yaro mai rai za ta iya kashe shi. Yanzu na rasa maganar wa zan kama.

To wanne ne daidai? Kuma idan an kwantar da mu, me zan faɗa wa ma'aikata, wa zan faɗa wa, ba tare da sun ga kamar na zo koya musu aiki ba? Ina jin nauyin wannan sosai. Sai zancen abinci, don na taɓa jinyar mahaifiyata na ga yadda ake ciyayya a ɗakin marasa lafiya. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Sista Mai Ritaya ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba yaro lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Na daɗe a ɗakin yara kafin in ajiye aiki. Zancen allura likitoci za su fi ni warware shi, amma a taƙaice ƙanwar mijinki ke da gaskiya. Ni bari in tsaya a kan abinci, don a nan na fi ji miki tsoro.

A yawancin asibitocinmu daga gida abinci ke zuwa. Da la'asar idan aka buɗe ƙofa, masu dubiya sai su shigo da kuloli da fulas-fulas, kuma kin san halinmu, babu uwar da za ta zuba wa ɗanta kunu ta bar na gadon kusa yana kallo. Abin da aka fi damawa mara lafiya kuwa kunun gyaɗa ne, shi ake gani mai sauƙin sha ga wanda aka yi wa aiki. Ga miyar taushe, ga fate, ga kwaɗon zogale, ga kilishi, ga duk abin da aka toya da man ƙuli, ƙosai ne ko awara. Akwai kuma wanda mutane ba sa kawo shi a rai sam: abincin tamowa, 'yar ledar nan da ake ba yara masu rama. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da sukari da mai. Yara suna lasa su shafa a ƙarfen gado, a cokali, a zanin uwa, wasu uwayen ma sukan miƙa wa ɗan maƙwabciya don daɗinta.

Saboda haka ranar da aka ba ku gado, bayan kin ajiye kaya, ki bi uwayen da ke kusa da ku ki gaishe su, ki yi musu ya mai jiki, sannan ki faɗa musu. Kar ki ce ba ya son gyaɗa, za su ɗauka kara ce kike yi, su ba shi a bayan idonki da zuciya ɗaya. Ki ce likita ya hana, tana toshe masa numfashi, ta taɓa kai shi gargara. Shi ma yaron ki koya masa ya ce a tambayi Ummana. Ki zo da kwanonsa da kofinsa da cokalinsa. Wanda ya ci gyaɗa ya wanke hannu da sabulu da ruwa kafin ya taɓa abincinsa, don man tsaftace hannun nan da ake matsawa ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire gyaɗa. Kuma 'yan gidanku da za su kawo abinci, mutum ɗaya ki ɗora wa girkin, wanda ya san abin.

Sai ma'aikata. Ki cire jin nauyin nan daga ranki. Nas ta gari tana son uwar da ta san ciwon ɗanta, aiki take rage mata. Ki fara da ranar da za ku ga likitan da zai sa shi barci, ki ba shi labarin nan kamar yadda kika ba mu, da dushewar muryar, da aman, da asmar. Ki roƙa a rubuta da jan biro a bangon folda da kan takardar magani, a kuma manna takarda a kan gadonsa. Ki tuna kwana ɗaya rukunin ma'aikata uku ne, na safe, na rana, na dare, kuma wajen miƙa aiki ne magana ke faɗuwa. Duk wadda ta karɓi aiki ki gaishe ta ki maimaita. Na dare su ne mafi ƙaranci, wani lokacin nas ɗaya ce ko biyu ga ɗaki cike.

Ki sami shugabar ɗakin a lokacin da ba ta cikin gaggawa, ki ce, Sista don Allah akwai adiranalin a tiren gaggawa na ɗakin nan? Na sha ganin tana nan amma a kulle a kabad, mai mukullin kuma ya tafi famasi ko masallaci. Na kuma ga wadda ta daɗe da wuce lokacinta. Idan babu, likita ya rubuta miki ki sayo guda biyu ko uku, a ajiye a teburin nas da sunansa. Ba ta da tsada.

In Allah ya kiyaye abin ya faru, ki ɗaga murya daga inda kike. Kar ki tashe shi tsaye, kar ki ja hannunsa ku taka zuwa wajen nas. Ya kwanta, a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ya ƙi a kwance, ya zauna a kan gadon ƙafafu a miƙe. Kuma ki tsare bakinsa. A take za ki ga an miƙo manja, wata ta ce madara, wata ta ce a sa masa yatsa ya yi amai, don kowa tunaninsa guba ce. Yaron da maƙogwaronsa ke kumbura ba a ɗura masa komai, huhu zai tafi.

Likita Bakatsine a Ingila ya amsa:

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya. Duk abin da Mama Sista ta faɗa ki riƙe. Ina aiki a sashen gaggawa a nan, amma a gida na yi karatu na fara aiki, na san tsarin da aka bi da ɗanki, shi ne ya zama jiki a asibitocinmu.

Abin da kika bayyana ya wuce borin jini. Idan mutum ya ci abu, cikin mintuna zuwa awa biyu muryarsa ta dushe, ko numfashi ya ƙuntata, ko jiri ya kwashe shi saboda jini ya sauka, wannan anafilaksis ne, ko da kurji a fata ko babu. A ƙalla mutum 1 cikin 10 ba ya nuna komai a fata, shi ya sa ake ɗaukarsa asma ce kawai ta tashi. Abin da ke faruwa a ciki shi ne garkuwar jiki ta saki wani sinadari mai suna histamin da 'yan'uwansa gaba ɗaya. Jijiyoyin jini su saki su fara yoyo, maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska na huhu su tsuke. Adiranalin ce kaɗai ke juya duka ukun cikin mintuna. Haidirokotizon sai ta yi awanni kafin ta fara aiki. Piriton ƙaiƙayi da kurji take ragewa, ba ta buɗe maƙogwaro, ba ta ɗaga jini, idan ma aka tura ta jijiya da sauri takan ƙara saukar da shi, ga barcin da take sawa har a kasa gane ko yaro sauƙi ya samu ko sumewa yake. A 2021 majalisar ƙwararrun ceton rai ta Birtaniya ta cire waɗannan biyun daga matakin farko na magani. Ƙungiyar Alaji ta Duniya ma (alaji shi ne jiki ya ƙi karɓar wani abu, kamar gyaɗa ga ɗanki) a jagorarta ta 2020 adiranalin ta sa a gaba.

Yadda ake yi: kwalbar da aka rubuta 1:1000, wato miligiram 1 a mililita 1. Babba da yaron da ya wuce shekara 12, mil 0.5. Daga 6 zuwa 12, mil 0.3, wannan shi ne na ɗanki. Daga wata 6 zuwa shekara 6, mil 0.15. A tsoka ake yi, a tsakiyar cinya ta gefen waje. Mun saba da yin allura a ɗuwawu, amma nan kitse ne, maganin yakan daɗe bai shiga jini ba. Idan bayan minti 5 babu sauƙi a sake, ya fi kyau a ɗaya cinyar. A lokaci guda a sa oksijin sosai, a nemi jijiya, a ɗaura ruwan gishiri na asibiti ta jijiya da sauri idan jini ya sauka, mil 10 ga kowane kilo ga yaro, babba kuma rabin lita zuwa lita ɗaya, a ƙara idan ana bukata. Ventolin tana da amfani ga ƙirji mai kuka, amma bayan adiranalin take zuwa. Idan an yi biyu abin bai lafa ba, a kira mai sa barci da babban likita, don an kai matakin sa adiranalin a cikin ruwa tana ɗiga ta jijiya, da na'ura tana kallon zuciya.

Dalilin da ya sa muke matsa wa wannan magana: Dakta Richard Pumphrey na Manchester ya bi diddigin waɗanda anafilaksis ya kashe a Birtaniya, ya fitar a 2000 cewa idan abinci ne, tsaka-tsakin lokaci daga ci zuwa tsayawar numfashi ko zuciya minti 30 ne. Yawancin waɗanda abinci ya kashe ta numfashi suka tafi, da yawansu masu asma ne, kuma jinkirin adiranalin yana ta maimaituwa a labarinsu. Shi ne kuma a 2003 ya nuna cewa wasu sun faɗi ne nan take bayan an tashe su zaune ko tsaye, saboda jini ya taru a ƙasa zuciya ta wayi gari babu abin bugawa. Gargaɗin da Mama ta yi miki ke nan.

Sallamar da aka yi muku a daren ita ma ba zan yi ta ba. Kusan mutum 1 cikin 20 abin kan dawo bayan awanni ba tare da ya sake cin komai ba. Mai asma mai tsanani, ko wanda numfashinsa ya yi tsanani, ko wanda ya zo da dare, ko wanda gidansa ke nesa, a ƙalla awa 12 muke riƙe shi, yaro kuwa kwantar da shi ake yi.

Jami'in Lafiya na Ƙauye ya amsa:

Ranka ya daɗe Dakta, ina da ja kaɗan, a yi mini haƙuri. Ku can kuna da na'ura a kan kowane gado. Ni inda nake daga ni sai abin awon jini na hannu da fitilar waya. Idan na yi wa dattijo mai hawan jini adiranalin ya faɗi, wa zai tsaya mini? Dangi za su ce allurata ce. Kuma gaskiya na sha yi wa mutane haidirokotizon da Piriton su warware su tafi gida da ƙafafunsu, har ɗan Hajiya ma ai ya warke.

Sannan ta ya zan bambance? Kwanaki an kawo mini gida guda, uba da 'ya'ya, sun ci kifi tayitus, kowa fuska ta yi ja, ciwon kai, zuciya na bugawa, wasu na gudawa. Su ma duk adiranalin zan bi su da ita?

Likita Bakatsine a Ingila ya sake amsawa:

Malam, tambayarka ita ce ta mutane da yawa, na gode da ka fito da ita. Tsoron da ake yi wa adiranalin daga ta jijiya ya samo asali, kuma yana da tushe: wanda ya zuƙi 1:1000 ya tura a jijiya kai tsaye zai iya kashe mutum, kar wanda ya yi. Ta tsoka daban ce. A nan iyaye da malaman firamare ke yi wa yara ita a cinya ta kan wando, ba na'ura ba komai. Abin da za ka gani shi ne rawar jiki, fuska ta yi fari, zuciya ta yi sauri, cikin mintuna ya wuce. Hawan jini, ko tsufa, ko juna biyu ba sa hana yin ta idan anafilaksis ne na gaske, sai dai mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Kai da ba ka da inda za ka tura mutum cikin minti goma, ka fi ni bukatarta.

Waɗanda suka warware a hannunka, jikinsu ne ya saki tasa adiranalin ya ci ƙarfin abin, kuma haka yawanci ke faruwa. Matsalar ita ce a minti biyar na farko babu wanda ya isa ya nuna wanda zai warware da wanda ba zai kai ba. Wanda kurji da ƙaiƙayi kaɗai yake yi, numfashi lafiya, jini lafiya, ka ba shi ƙwayar borin jini ka sa masa ido, ba ya bukatar allurar nan.

Mutanen kifin kuwa, idan gida guda suka kwanta daga kwano ɗaya ka fara tunanin abincin ne ya lalace. Tayitus da danginsa idan sanyi ya yanke musu a hanya sukan tara histamin a namansu, suya ba ta kashe shi. Wannan ƙwayar borin jini ke maganinsa. Amma ko a cikinsu wanda numfashinsa ya kama ko jininsa ya faɗi, a cinya za ka fara. Idan kuma ka ga yawu na dalala, gumi, ƙwayar ido ta tsuke, ka tambayi maganin ƙwari da aka zuba wa wake ko hatsi, wannan maganinsa daban.

Mai Haɗa Magani ta amsa:

Anti, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ta ɓangaren famasi zan ƙara.

Ki sa ido a kan allurar zazzaɓin cizon sauro. Atemita da atita da ake yi a tsoka a cikin mai ake narka su, kuma wasu kamfanoni man gyaɗa suke amfani da shi, wasu man riɗi. A jikin kwali za ki ga an rubuta arachis oil, man gyaɗa ke nan. Tatacce ne sosai, haɗarinsa kaɗan ne, amma tunda akwai atesunet da ba ta da mai, babu dalilin gwaji da yaro irin naki. Wannan ki faɗa ko a kemis aka je. Man ƙuli na gida kuwa, wanda mata ke matsewa, gyaɗar na nan cikinsa, ki ɗauke shi daidai da gyaɗa.

Bayan aiki akan rubuta maganin rage ciwo irin su ibufurofen ko diklofenak. Yawancin yara masu asma suna shan su lafiya, amma ga wasu sukan tayar da ita, kuma an san suna ƙara wa alajin abinci ƙarfi idan suka haɗu. Ki tuna wa likita, shi zai auna. Maganin barcin nan fari kamar madara, furofofol, yana da man waken suya da sinadarin ƙwai, za ki iya jin ana cewa bai dace da shi ba. Ƙungiyoyin ƙwararru sun duba sun ce alajin abinci ba ya hana amfani da shi, kar wannan ya ɗaga miki hankali.

Ita adiranalin ɗin zafi da haske ke lalata ta. A bar ta a kwalinta, a wuri mai sanyi ƙasa da digiri 25 in da hali, ban da daskarewa, ban da cikin mota a watan Afrilu. Garau take kamar ruwa. Idan ta yi ruwan hoda ko ruwan ƙasa a zubar. Sirinjin mil 1 ake so don a auna 0.3 daidai, da allura mai shuɗin gindi. Sirinjin insulin allurarsa gajera ce, ba ta kai tsoka. Allurar nan mai kama da biro da mutum ke yi wa kansa, irin su EpiPen, da wuya a same ta a nan, in an samu ga tsada, kuma ba ta daɗewa take ƙare wa'adi. A 2024 Amurka ta amince da ta fesawa a hanci, amma ban gan ta a kasuwarmu ba. Don haka kafin a sallame ku ki roƙi likita ya rubuta miki kwalba da sirinji na ajiyewa a gida, nas ta koya miki da babansa yadda ake fasa kwalbar a zuƙa a yi, ku gwada da ruwa a gabanta har hannu ya saba. Ko kun yi a gida, asibiti za ku wuce.

Umman Yara Uku ta sake rubutawa:

Wallahi na rasa bakin godiya. Mama, Dakta, Malam, ƙanwata, Allah ya biya ku. Na kwafe adadin allurar a takarda na sa a cikin katinsa, kuma babansa ya ce zai bi ni ranar ganin mai sa barci.

Saura abu ɗaya da ke damuna a gida. Kakarsu ta wajen uba, don son da take masa, ta ce a riƙa lasa masa tunkuza kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba, wai ba a taɓa Bahaushen da gyaɗa ta gagara ba. Na ji kuma an ce Turawa ma haka suke yi yanzu. Gaskiya ne? Ga kuma ƙanwarsa 'yar wata 5 da zan fara ba abinci, ita ma hana ta zan yi? Kuma akwai gwajin da zan kai shi a tabbatar?

Likita Bakatsine a Ingila ya amsa:

Hajiya, kar a lasa masa a gida, ko ɗigo. Gaskiya ne akwai irin wannan magani, amma a asibitin ƙwararru ake fara shi, da awon da bai kai ɓarin ƙwayar gyaɗa ɗaya ba, adiranalin a gefe, kuma wanda asmarsa ba ta kwanta ba ba a sa shi a ciki. Shawarata babansa ne zai yi wa Hajiya Kaka bayani, ko ku tafi da ita ta ji daga bakin likita, zai fi miki sauƙi a matsayinki na suruka. A faɗa mata cewa yaro 1 cikin 5 yakan rabu da abin da kansa idan ya girma, sauran kuma suna rayuwarsu lafiya da kiyayewa.

Labarin da kika ji na jarirai ne. A 2015 Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa a Landan suka fitar da binciken jarirai 640, suka ga waɗanda aka fara ba gyaɗa tun suna wata 4 zuwa 11 haɗarin kamuwarsu ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Rigakafi ne ga wanda bai kamu ba. Don haka ƙanwarsa ba hana ta za ki yi ba. Amma idan tana da kircin jarirai mai tsanani, ko ta taɓa yin kurji bayan cin ƙwai, likita ya fara ganinta. In ba haka ba, idan ta fara cin abinci a dama mata 'yar kaɗan mai laushi da safe, ranar da asibiti ke buɗe, ki zauna da ita awa biyu. Ban da ƙwayar gyaɗa, tana shaƙe yara. Kwanonta da cokalinta daban, a wanke mata baki da hannu kafin yayanta ya ɗauke ta.

Gwaji akwai, na tsaga fata da na jini, a wasu asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaji. Amma na jini shi kaɗai yana ruɗarwa a yankinmu. Wani bincike a Gana a 2013 ya sami 'yan makaranta da yawa da jininsu ya nuna alajin gyaɗa alhali suna cin ta lafiya, aka danganta hakan da tsutsar tsargiya. Ga ɗanki, abin da ya faru da kunu da kuma tsire ya ishi likita hujja. Kafin ranar aikin ki kai shi a duba asmarsa, idan yana yawan neman shuɗin inhela ko tari na tashinsa da dare a gyara masa maganin kariya tun yanzu, kuma ki tafi da inhelolinsa duka asibitin.